Alƙalamin Hannun Hagu

Gwandu, ranar Litinin

Zuwa ga Nafisa, a Kalgo.

Assalamu alaikum. Malama Halimatusa'adiya, matar Atiku direba, ita ke rubuta mini wagga takarda. Na ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina, in kin ga wurin da ya yi daɗi ƙwarai to ita ta ƙara. Waya kin san ba ni jin ta, kunne ya tafi, sai "to, to" nake yi kamar wadda ta gane.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da ke jikinki. Yaya nauyi? Yaya kumburin ƙafa? Ki gaida mahaifanki, ki ce ina yi musu sannu da ɗawainiya. Allah ya sauke ki lafiya.

Mai gidanki na nan yadda anka kawo mini shi daga asibiti. Halima ta ce ko ta rubuta sunansa, na ce a'a. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa faɗinsa ba, takardata ma ba za ta faɗa ba. Ta sa Malam Ƙarami, kamar kullum. Ɓarin dama bai motsi, baki bai buɗe ba. Yana shan kunu, yana cin tuwo in an sassauta shi. Da hantsi mukan fito da shi gindin darbejiya ya zauna jingine. Ina kallonsa ina cewa, mutum da izu sittin a kansa, wanda mutanen Kalgo ke zama gabansa ɗaukar karatu, yanzu ruwa ma sai ya nuna randa da haɓa. Abin da ban sani ba shi ne, karatun yana ciki, ko ya zube ranar da ya faɗi. Ba wanda ya sani. Likita ma ba ta sani ba.

Kwalin da kinka aiko ya iso. Na gane likitar ce ta ce a ba shi abin rubutu ya riƙa gwadawa da hagu, ke kuma kinka shiga shagon da ke bakin jami'a kinka ce a ba ki mafi kyau. Kin yi ƙoƙari, Allah ya yi miki albarka. Amma kayan gwani kinka saya, shi kuwa yanzu mai koyo ne. Hannun hagunsa bai taɓa zuwa makaranta ba.

Biro mun ba shi, ya sulluɓe daga yatsunsa. Mun sake ba shi, ya danna, takarda ta yage, ya kalli yagewar, ya juya fuska ga bango, ranar ko kunu bai sha ba. Alƙalamin nan mai bakin ƙarfe ko nuna masa ban yi ba, siriri ne kamar tsinken tsire. Tawadar kwalba na ɗiga ta a gefen zanena, na wanke da sabulu, tana nan har yanzu. Ki riƙe wagga magana, mai koyo ba a ba shi abin da ba ya wankuwa. In ya yi kuskure ya ga kuskuren zaune yana kallonsa, gobe ba ya sake taɓawa. Duk na mayar cikin kwali na ɗora kan kabad. Ranarsu na zuwa in Allah ya so.

Ni ce na haɗa wa marigayi Malam, babansa, tawada tun ina amarya har ya bar duniya, kuma da ƙarfinsa ya ragu ni ke feƙe masa alƙalami. Don haka na haɗa kayan da kaina. Allo ban sayi sabo ba, sabon allo shan tawada yake kamar ƙasar rani. Na sauko da tsohon allon Malam, wanda wanki ya goge shi ya yi sumul. Alƙalami ban ɗauki gamba ba, ta masu ƙaramin rubutu ce. Na shiga dannin bayan gida na zaɓi sillen karan dawa na bara, busasshe, mai kaurin babban yatsa, yadda hannu mai rawa zai samu abin kamawa. Kurtu na zaɓi mai faɗin gindi don kada ya kife.

Tawada kuwa gawayin aduwa ce da ƙaro. Na je kasuwa da sandata neman ƙaro. Mai kayan ya auno mini wani baƙi-baƙi duk ƙasa, na jefa ɗaya a baki, na tofar, na ce masa in na gyaran takalmi nake so zan faɗa. Sai ga shi ya jawo mai haske daga ƙarƙashin tebur, yana cewa Inna ba a cin ki. Na niƙa gawayin, na tace, na dafa da ƙaron har ta yi yauƙi. Nafisa, abin nan har yau bai daina ba ni tsoro ba. Itacen da jaki ke sosa baya da shi, a ƙone shi, a niƙa, a sa masa hawayen wani itace, sai ya ɗauki maganar Allah ya riƙe. In an zuba ruwa kuma ya saki ba gardama. Ina motsa tukunya ina jin tsigar jikina na tashi, kamar ranar farko.

Baffan mai gidanki Garba, ƙanen Malam, ya shigo ya tarar ina tacewa. Ya ce wai ba a rubuta karatu da hagu, hannun tsarki ne. Na ce masa wanda ya karɓe dama Shi ya bar hagu, kuma Ya san abin da Ya bari. Ya ce bakina bai tsufa ba. Na ce nasa ma.

Gobe za mu fara. Ki ci abinci, ki bar kuka, kuka ba ya motsa ɓarin jiki. Halima na gaishe ki.

Wassalam. Ni ce innarku,
Amatullahi.

*

Gwandu, ranar Lahadi

Zuwa ga Nafisa.

Assalamu alaikum. Halima ce dai ke rubutu. Barka, barka, barka da arziki. Atiku ya kawo labari tun ranar Alhamis ɗin, tun daga zaure yake ɗaga murya wai ɗiya mace. Ina tsakar gida da tsintsiya, sai na zauna ƙasa inda nake. Shekaru nawa kuna nema, sai yanzu da bakin uban ya rufe Allah ya buɗe wagga ƙofa. Ikonsa ba a tambaya. Yaya jikinki? Ruwan nono ya zo? Kada ki yi wa ruwan wanka gardama. Allah ya raya ta, ya sa mai jin ƙai ce.

Na faɗa wa mai gidanki. Na durƙusa na faɗa a kunnensa na hagu. Idonsa ya cika. Halima ta ce ya gane. Garba ya ce idonsa kullum ma yana ruwa.

Kin aiko a tambaye ni yaya rubutu. Ba zan ɓoye miki ba, bai yi ba. Tun da munka fara, abu ɗaya ake yi. Yakan karɓi alƙalami da kyau, ya tsoma, ya kai kan allo, sai ki ji ƙarrr, tawada ta fantsama, ba alu ba ba, ba harafi ko ɗaya. Ya sake, haka. Sai ya jefar da karan. Na ɗauka na gwada da hannuna, yana tafiya sumul kamar an shafa mai. Na feƙe sabo, na ba shi, haka. Na tsinka tawada, na kaurara ta, haka. Allon nan na wanke shi har hannuna ya yi fari.

Akwai abin da ya fi wannan, ki daure. 'Yar wuƙar Malam da nake feƙe kara da ita, in na ajiye kusa sai ya miƙa hannu gare ta, yana gurnani, jijiyar wuya a tashe. Shekaranjiya har ya kama ta, da ƙyar na ɓanɓare yatsunsa. Mutumin da ya rasa baki da hannu rana ɗaya, mi zai yi da wuƙa? Na tura ta cikin buhun gero, na ɗaure. Tun ranar bai kalle ni ba. In na kawo kunu sai ya rufe ido. Bari ya yi fushi yana raye.

Yanzu maganar suna. Garba ya ce uba ke zaɓe in yana da hankalinsa, don haka a gwada. Ya share ƙasa gabansa, ya lallaɓa rairayi, ya kama yatsansa ya ce ya zana sunan nan ko yaya. Malam Ƙarami ya fizge hannu ya ɓoye cikin riga. Garba ya ce to zai riƙa jero sunaye, in an zo kan wanda yake so ya gyaɗa kai. Ya jero Hadiza, ya jero Ruƙayyatu, ya jero Jidda, har sunan mahaifiyarki da na kakarki, har ya rasa na faɗi. Kai bai motsa ba. Garba ya kakkaɓe riga ya ce gidan nan ba kowa ciki, mu daina wahalar da bawan Allah. Ranar Alhamis shi zai zo Kalgo ya ba liman suna a madadinsa. Na ce a jira. Ya ce suna ba ya jiran mai jinya, kuma in yaron nan ya rubuta kalma ɗaya da mutum zai iya karantawa, ragon suna na wuyansa, babban nan da yake kiwo don layya.

Garba ba mugu ba ne, shi ya ɗauke shi a baya ranar da anka sauke shi daga mota. Kuma ba ni da abin da zan nuna masa sai allo mai dabbare. Amma ɗiyar da ubanta ya jira har furfura ta fito masa, a ce wani ya raɗa mata suna yana zaune, abin bai kwanta mini ba. Ban yi kuka ba, ba ni da lokaci.

Atiku zai kawo miki kanwa da yajin jego. Ki gaida mutanen gida.

Innarku,
Amatullahi.

*

Gwandu, ranar Laraba

Zuwa ga Nafisa.

Assalamu alaikum. Halima ke rubutu, in kin ga layi ya karkace laifinta ne. Ina gaishe ki, ina gaida baƙuwa, ina gaida mahaifanki. Ki ba wani ya riƙe miki jaririya kafin ki karanta. Atiku zai taso da wagga takarda yanzu, mu sai gobe da sassafe.

Jiya na ce tunda dai za ni suna, ba ni zuwa da hannu fari kamar wadda ta fito takaba. Halima ta kwaɓa mini lalle da hantsi, ta ƙunsa mini hannun dama, na zura shi cikin zunguru. Na zauna gindin darbejiya nesa kaɗan da mai gidanki, shi yana kallon gabas ni ina kallon yamma, tunda ba mu shiri. Allo da kurtu na nan tsakaninmu. Sai na ga tawada ta yi fata a sama don rana. Na ce bari in motsa ta in gani ko ta yi kauri. Dama na cikin zunguru, sai na ɗauki alƙalamin da hagu, na tsoma, na ja shi kan allo.

Ƙarrr. Tawada har fuskata.

Na tsaya. Na sake ja. Ƙarrr. Karan nan da ke tafiya mini sumul, a hagu ya zama ƙaya. Na ɗaga shi na duba bakinsa a rana. Nafisa, bakin alƙalami ba a miƙe ake yanke shi ba, a karkace ne, gefe ɗaya ya ɗan fi tsawo, don ya kwanta kan allo yadda hannun dama ke kawo shi. In hagu ya kawo shi, sai ya tsaya kan tsini ɗaya ya riƙa karta. Ni tun da nake, hannun Malam kaɗai na taɓa feƙe wa kara. Hannuna ya san yanka ɗaya, ya yi ta yin sa, kaina bai taɓa tambaya ba. Na zaɓi allo, na zaɓi ƙaro har da tauna shi, na manta wane hannu zai riƙe.

Na waiwaya, ashe yana kallona. Ya kalli bakin karan, ya kalle ni, ya miƙa haɓa wajen ɗakin da buhun gero yake. Ya san inda na sa wuƙar. Duk kwanakin nan ba wuyansa yake nema da wuƙa ba, ce mini yake in juya yanka.

Na zare hannu daga zunguru, na yarfe lallen a ƙasa, ko wankewa ban yi ba. Na kwance buhu, gero ya zube, kaji sunka samu biki. Na zauna gabansa na yanke bakin ta ɗaya gefen. Hannuna na ƙi, kamar in ce ki taka da baya. Na miƙa masa, ya ɗaga a rana, ya runtse ido ɗaya, ya girgiza kai ya maido mini. Wallahi haka babansa ke yi, har murguɗa bakin. Na ƙara shafta kaɗan, ya maido. Kara ya kusa ƙarewa kafin ya gyaɗa kai.

Na tallafe masa allo bisa gwiwa. Ya tsoma, ya ɗan girgiza, ya sa. Ba ƙara. Baƙin layi ya sauko daga sama, yana rawa amma yana saukowa, kamar ɗan maraƙi ranar da ya fara tsayuwa. Ya buɗe da sunan Allah yadda ake buɗe kowane allo. Ya ɓata, ya nuna buta, na wanke, munka jira ya bushe, ya sake. Ya kuma ɓatawa, na kuma wankewa, bai juya fuska ga bango ba. Da tawadar kwalba ce da an tashi tun nan. Zufa na ɗiga daga gemunsa. Anka kira azahar, na yi salla kusa da shi, na dawo yana nan.

Ƙarƙashin layin farko sai ya yi wani rubutu manya-manya, shi kaɗai a tsakiyar allo, ya juyo mini da shi. Kin san karatuna, babbaƙu kawai na yi anka yi mini aure. Na bi da yatsa. Na gane alu. Na gane mim. Na ukun ya gagare ni. Na ƙarshen kuwa ba sai na haɗa ba, sunan Allah ne, na wanke shi daga alluna fiye da yadda na wanke tukwane. Na ce to, addu'a ce ya rubuta. Na ƙwala wa Halima kira ta katanga. Ta shigo ta duba, ta toshe baki da mayafi, ta ƙi karantawa, sai cewa ta yi wai Inna ta yi takwara.

Ban taɓa ganin sunana a rubuce da tawada ba. Malam ya rubuta wa duniya, bai taɓa rubuta shi ba, kuma ban tambaya ba. Yaron nan tun da ya fara magana bai taɓa faɗinsa ba, kamar yadda ban taɓa faɗin nasa ba. Ga shi nan baƙi ƙirin, bai bushe ba, yana ƙyalli. Ni da na ce ba ni da lokacin kuka, jiya na samu.

Anka kira Garba daga wajen shanunsa. Ya tsuguna ya karanta, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce rubutun ya yi muni kamar kaza ta taka, amma wutsiyar mim ɗin bisimillar ta wansa ce, ko cikin dubu zai gane ta. Ya share fuska da hannun riga ya ce hayaƙin murhuna ne, alhali ban hura wuta ba. Shi da kansa ya gano sauran. Ya ce shi ya sa Malam Ƙarami ya ƙi zanawa a rairayi, sunan Allah na ciki, ba ya sa shi inda ƙafa ke takawa. Kuma da yana jero sunaye ya tsallake wannan, don matar wansa na zaune, bakinsa ba ya iya ɗauka. Maganar hagu kuwa ya ce lalura ce, malamai sun yi sauƙi. Na ce ashe.

Malam Ƙarami bai tsaya nan ba. Da la'asar ya juya bayan allo ya yi layi biyu na karatu. Halima ta bi da ido ta ce ko wasali bai faɗi ba. Yana ciki, Nafisa. Duk yana ciki. Muna ta magana a kansa kamar buhun da anka jingine, ashe rijiya ce anka rufe wa baki, ruwanta na nan. Na haife shi, na yi masa wanka, na ga ƙoƙon kansa tun yana laushi, ban san yadda izu sittin sunka shiga ciki ba, ban san yadda sunka zauna da rabin jiki ya tafi ba. Tsarki ya tabbata ga Mai wannan aiki. Baki bai buɗe ba, kada in sa miki rai. Hannun dama ma yana nan yadda yake. Amma jiya ya sha kunu daga hannuna yana kallona.

Gobe za ki gan ni da hannu ɗaya fari, ɗaya kamar an shafa ruwan goro, lallen bai kama ba. Duk wadda ta yi dariya ki ce ta zo ta tambaye ni. Shi ba zai iya hanya ba, Halima za ta zauna da shi. Allon zan riƙo a cinyata, naɗe cikin zane. Liman ya karanta daga hannun uban, ba daga bakin kowa ba.

Yanzu ki ji, don kada a ruɗe cikin taro. Garba rago ke wuyansa, babban, mai baƙin wuya. In kin ga an sauke ƙarami ki aiko a gaya mini tun kafin a yanka. Mahaifiyarki na riƙe da babbar tukunyata ta ruwan wanka, ta riƙe har ki yi arba'in, sannan ta dawo da murfinta. Atiku bai maido ƙwaryar da na sa miki yaji ciki ba, matarsa ce ke rubutu, ta ji. Ni kuma Halima na bina lalle kwano ɗaya, wanda na yarfe a ƙasa. Kwalinki na kan kabad, naki ne, ranar da ya nemi takarda zan faɗa miki. Allo kuwa aro ne, ba na ratayewa a ɗaki ba. In an shafa fatiha ki sa a jaririya ta gan shi, ki ba ni abina, jibi yana da darasi. Wuƙa na mayar masa, tana ƙarƙashin matashinsa, shi ke ba ni aro yanzu.

Wassalam. Ni ce innarku,
Amatullahi Babba, tunda yanzu mu biyu ne.